Tambaya da Amsa: Kirista, Bindiga da Tsofaffin Finafinai

Salama gare ku masu karatu. Saƙonnin wannan watan kusan duk hanya ɗaya suka bi, maganar soja da yaƙi da inda mai bi ya kamata ya tsaya, kuma abin mamaki kusan kowa da fim ɗin da ya riƙo a matsayin hujja. Na zaɓi huɗu, na rage tsayin wasu, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Baba barka da aiki. Ni saurayi ne mai bi, sunana ya fito cikin masu tafiya defo Zariya horon soja, tun ranar mamana ba ta daina kuka ba, wai Kirista ba ya kisa, Dokoki Goma sun hana. Kwanan nan na kalli wani tsohon fim baƙi da fari a waya, Sergeant York, mutumin shi ma mai bi ne ya ƙi yaƙi daga baya ya gane Allah ya yarda. Na ji kamar don ni aka yi shi. Baba in kunna mata ta gani ko za ta haƙura? Daga ɗanka a Zonkwa.

AMSA: Ɗana kar ka kunna mata tukuna, zauna mu yi maganar fim ɗin nan.

Alvin York mutumin gaske ne, ɗan talakawa daga wani ƙauye cikin duwatsun jihar Tennessee a Amurka, mafarauci wanda in ya saita ba ya kuskure, kuma kafin ya tuba mashayi ne mai neman faɗa. Farkon 1915 ya tuba a wani taron farkawa, ya shiga wata ƙaramar ikilisiya da ba ta yarda da zub da jini. Da Amurka ta shiga yaƙin duniya na ɗaya a 1917 aka kira shi, ya nemi a ɗauke masa saboda bangaskiyarsa aka ƙi. A bariki manyansa biyu, kyaftin Danforth da manjo Buxton, su ma masu karanta Littafi ne, suka zauna da shi aya bayan aya har suka ba shi hutun kwana 10 ya je gida ya yi tunani, ya dawo ya ce zai yi. Ranar 8 ga Oktoba 1918 a yankin Argonne a Faransa su 17 aka tura su zagaya ta bayan Jamusawa, mashinga ta kwantar da 9, shida suka mutu uku suka ji rauni, York yana kofur lokacin, ya yi ta harbi har Jamusawan suka miƙa wuya, shi da mutum 7 suka koro fursuna 132. Wannan duk ya faru.

Abin da bai faru ba shine aradun nan da ta faɗo kan bindigarsa ya tuba, masu fim ne suka ƙara gishiri. Sai kuma wurin da ya fi damuna, yana zaune kan dutse da karensa, iska ta zo ta buɗe masa Baibul daidai inda Yesu ya ce a ba Kaisar abin da ke na Kaisar, shi kenan magana ta ƙare. Haba. A Matiyu 22 ɗin nan tambayar haraji aka yi wa Yesu, kuɗi ya ce a nuna masa, babu bindiga a wurin. Kuma mai bi ba ya yanke shawarar da ran mutum ke ciki da shafin da iska ta buɗe, in da haka ake yi ai da tuni an naɗa fanka fasto.

Ka kuma duba shekarar. Fim ɗin ya fito tsakiyar 1941, Hitler ya riga ya ci Faransa, Amurkawa na ta gardama a shiga ko kar a shiga, har a watan Satumba wasu sanatoci suka kira manyan Hollywood suna zarginsu da ingiza jama'a yaƙi, Disamba kuma Japan ta kai hari Pearl Harbor gardamar ta mutu. Fim ne da ya dace da saurayi irinka ya fito daga silima ya wuce ofishin ɗaukar soja, kuma ya karɓu, shi ya fi kowane fim kawo kuɗi a shekarar, Gary Cooper ya ci Oscar da shi. Ban ce ƙarya ba ne, amma ka san waɗanda suka yi shi da lokacin da suka yi shi.

To me Littafi ya ce? Sojoji sun zo wurin Yahaya Maibaftisma a Luka 3 suka ce mu fa me za mu yi, bai ce su tuɓe kaki ba, cewa ya yi kar su yi wa kowa ƙwace, kar su yi ƙazafi, albashinsu ya ishe su, ayar da ya kamata ka haddace kafin ranar da za a ajiye ka a shingen kan hanya. Karniliyus da Bitrus ya yi wa baftisma a Ayyukan Manzanni 10 hafsan sojan Roma ne, ba a kuma ce ya ajiye aiki ba. Bulus a Romawa 13 ya ce mai mulki ba a banza yake riƙe da takobi ba. Waɗannan naka ne. Amma mamanka ma tana da nata, kuma ba ƙanana ba ne, a lambun Getsamani Bitrus ya zare takobi don ya kare Ubangiji kansa, wane dalili ya fi wannan, duk da haka Yesu ya ce mai da shi kube, ya kuma warkar da kunnen da aka sare. Dawuda ma da Allah ya ba shi nasara a yaƙe-yaƙe, da ya zo gina Haikali aka ce a'a, ka zub da jini da yawa, ɗanka zai gina. Duba 1 Tarihi 22.

Gardamar nan taka da mama ta girmi kakanninmu. A shekara ta 295 a garin Tebessa, cikin Aljeriya ta yau, wani saurayi mai shekara 21, Maksimiliyan, ya ƙi shiga sojan Roma ya ce shi Kirista ne, aka fille masa kai. Bayan shekara ɗari da 'yan kai, a ƙasar dai, Agustin bishop na Hippo ya rubuta wa wani kwamanda mai suna Boniface cewa kar ya ɗauka soja ba zai iya faranta wa Allah rai ba, sai dai salama ta zama abin da zuciyarsa ke so, yaƙi kuwa dole kawai. Dukansu 'yan Afirka ne, dukansu ikilisiya tana girmama su har yau.

Ni dai inda na tsaya, za ka iya tafiya da lamiri mai tsabta, don dole wani ya tsaya tsakanin mai kisa da mai barci. Amma ka tafi da sanin cewa akwai ranar da kaki da baftisma za su iya rabuwa, ranar da aka ce ka harbi wanda ba shi da makami ko wanda ya ɗaga hannu, a nan Kaisar ya wuce nasa. Abin da na fi so a fim ɗin ma ba harbin ba ne, wurin da aka tambaye shi me ya sa ya yi, ya ce bindigogin nan suna kashe mutane da yawa, ya yi ne don su tsaya. Da ya koma gida aka yi ta masa tayin kuɗi ya sayar da sunansa ya ƙi, ƙarfinsa ya zuba a gina makarantar yaran karkara. In kuma zuciyarka ta ƙi kisan gaba ɗaya akwai wata hanya, Lew Ayres da ya fito a All Quiet on the Western Front na 1930 ya ƙi ɗaukar bindiga a yaƙin duniya na biyu, aka zage shi tas, ya tafi fagen daga yana jinyar masu rauni. Soja na da masu jinya, yana da limaman coci.

Mama kuwa ba fim take buƙata ba. Kukan nan ba gardamar tauhidi ba ce, tsoro take kar a kawo mata kakinka babu kai a ciki. Ka ɗauki fastonku ko kawunka ku je, ka durƙusa ka nemi albarkarta.

TAMBAYA: Baba ina gaisuwa. Ni 'yar EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) ce tun kakanni, daga wajen Mubi muke amma yanzu muna Jos. A coci an koya mana ba a ramawa ba a ɗaukar makami. Maigidana kuma tun gudun Boko Haram na 2014 ya ce wannan koyarwar ce ta sa aka raina mu, in aka sa fim ɗin yaƙi yana tafi yara na tafi, ni kuma raina na ɓaci. Wai babu fim ɗin da ya nuna namu ɓangaren ba tare da an mayar da mu matsorata ba?

AMSA: 'Yata sannu, Allah ya ƙara ta'aziyya. Akwai, sunansa Friendly Persuasion, 1956, kuma abin dariya Gary Cooper ɗin dai da ya yi York shine a ciki, wannan karon manomi ne ɗan ɗarikar Quaker a jihar Indiana lokacin yaƙin basasar Amurka. Su Quaker da Mennonite da Church of the Brethren su ake kira ikilisiyoyin salama, ta ukun nan kuwa ita ta haifi taku, mishan ɗinta ne suka fara sujada a ƙarƙashin tsamiya a Garkida a 1923. To kin ga 'yan gidanku ne a fim ɗin.

Abin da ya sa nake son sa, bai yi wa kowa sauƙi ba. Matar gidan mai wa'azi ce a ikilisiyarsu, sojojin kudu suka shigo gonarta ta buɗe musu rumbu ta ba su abinci kamar yadda Littafi ya ce, amma da wani ya cafke dinyar gidan zai yanka sai ga mai wa'azi ta rarumi tsintsiya tana jibgarsa. Akwai wani dattijo da ya fi kowa cika baki a kan ƙin yaƙi, ana ƙona masa dukiya ya ɗauko bindiga yana zagin waɗanda ba su ɗauka ba. Babban ɗan gidan ya ce shi ba zai zauna wasu su mutu dominsa ba, ya tafi ya yi harbi ya kashe, aka same shi a fagen ya ji rauni, abin da hannunsa ya yi ya fi raunin ci masa rai. Uban kuma da dokin ɗansa ya dawo babu kowa a kai ya ɗauki bindiga ya fita, ya tarar da amininsa yana mutuwa, wanda ya harbe shi ya harbi uban ma, suka yi kokawa ya ƙwace bindigar, ga mutum a gabansa ga kunama a yatsarsa, ya ce masa tafi. Duk wanda ya kalli wurin nan ya ce tsoro ne to bai taɓa yin fushi ba.

Amma zan gaya miki gaskiya, maigidanki ba mahaukaci ba ne. Yawancin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yan EYN ne, ƙarshen Oktoba aka mamaye hedikwatarku a Kwarhi shugabanni suka gudo Jos, kuma ba da waƙa aka ƙwato Mubi ba, sojoji ne da mafarauta da 'yan sa-kai. Mutumin da ya ɗauki yaransa a kafaɗa ya bi daji ba za a zo a karanta masa ɗaya kuncin a tashi ba. Inda na rabu da shi shine cewa koyarwar ce ta jawo, ai waɗanda ba su da wannan koyarwar ma an kashe su, Musulmi da Kirista, har barikin soja an ci. Kuma juya kunci da Yesu ya faɗa a Matiyu 5 magana ce a kaina, marin da aka yi mini, ramuwar da nake so in yi. Bai ce gwamnati ta naɗe hannu ana yanka marayu ba. Ikilisiyarku da ta ƙi tara matasa su je ramuwa kan maƙwabta, ta shiga rabon abinci da warkar da zukata har da Musulmin da abin ya shafa, ta yi aikin da bataliya ba ta iya yi, don bayan an kori masu bindiga sai an zauna kasuwa ɗaya. Danga tana hana awaki shiga lambu, amma ba a taɓa ganin danga ta tsiro da albasa ba. Maigidanki dangar yake kallo, ke shukar, gidan na buƙatar ku duka.

Tafin nan dai na yara ki hana, a hankali. Ko wanda ya yarda da yaƙin adalci ba ya tafa wa gawa. Wani ƙarin bayani da zai iya jawo maigidan ya zauna ya kalla, shugaban Amurka Reagan da ya zuba kuɗi a makamai kamar ba gobe, da ya je Mosko a 1988 wannan fim ɗin ya ɗauka ya ba Gorbachev shugaban Tarayyar Soviet kyauta.

TAMBAYA: Malam ni ɗalibi ne a jami'a. A zumuntar ɗalibai wani ya kawo The Day the Earth Stood Still ya ce baƙon da ya sauko daga sama hoton Yesu ne, saƙonsa kuma shine sai da ƙarfi ake samun zaman lafiya, in kana son salama ka shirya yaƙi, ba a fafe gora ranar tafiya. Ya ce ƙasashe masu nukiliya shi ya sa ba sa yaƙar juna. Haka ne?

AMSA: Rabin maganarsa daidai ne. Fim ɗin na 1951 ne, shekara biyu bayan Rasha ta gwada nata bam ɗin, ana tsakiyar yaƙin Koriya, kowa a tsorace. Baƙon, Klaatu, ya sauka a Washington da kyauta a hannu wani soja ya firgita ya harbe shi, ya ɓuya cikin talakawa da sunan aro mai ma'anar kafinta, aka kashe shi aka tashe shi, ya yi jawabi ya koma sama. Kamannin da gangan aka sa, marubucin ya amsa haka daga baya.

Amma abokinka ya saurari jawabin kuwa? Cewa ya yi su a can sun ƙera 'yan sandan ƙarfe sun ba su iko wanda ba a iya karɓewa, duk wanda ya fara faɗa su ƙone shi, ku ma in ba ku natsu ba za a mayar da duniyarku toka. Wannan ba bishara ba ce ɗana, salamar Roma ce, kowa ya yi shiru don runduna na bakin gari, Roman da ta gicciye Yesu ta kuma rushe Urushalima a shekara ta 70. Yesu da aka zo kama shi ya ce da ya so da Uba ya aiko masa da runduna 12 ta mala'iku har da ƙari, yana da nasa mayaƙan ya ƙi kira. Da ya tashi kuma bai zo da wa'adin ƙone gari ba, ya shigo wurin waɗanda suka gudu suka bar shi ya ce salama a gare ku. A Yahaya 14 ya riga ya faɗa, ba irin wadda duniya ke bayarwa ba.

Maganar in kana son salama ka shirya yaƙi ma ba aya ba ce, daga wani marubucin sojan Roma ta fito, mutane ne ke faɗinta da muryar wa'azi. Ban ce ƙasa ta zauna babu tsaro ba, Nehemiya ya sa masu ginin garu aiki da hannu ɗaya makami a ɗayan. Amma Littafin nan cike yake da gargaɗi ga mai dogara da yawan makami, Zabura 20 ta ce wasu da karusai suke taƙama wasu da dawakai, Zabura 33 ta ce yawan runduna ba ya ceton sarki, Gidiyon daga 32,000 aka rage shi zuwa 300 don kar Isra'ila ta ce hannuna ne. Batun nukiliya kuwa, a Oktoban 1962 kwana 13 duniya ta yi a bakin rami kan makaman da Rasha ta kai Kuba, wata shida bayan haka Paparoma Yohanna na 23 ya fitar da wasiƙa yana cewa salama ta gaskiya ba a daidaiton makamai take ba, a yarda da juna take. Kuma manyan ba su yaƙi juna kai tsaye ba, gaskiya ne, amma je ka tambayi Koriya da Biyetnam da Angola a gonar wa aka yi damben. In abokinka ya ce wannan maganar malaman coci ce da ba su san yaƙi ba, ka kawo masa Eisenhower, janar ɗin da ya jagoranci rundunar ƙawance a Turai a yaƙin duniya na biyu, yana shugaban ƙasa a 1953 ya ce duk bindigar da aka ƙera sata ce daga bakin mai yunwa, da zai sauka a Janairun 1961 kuma ya gargaɗi Amurkawa kan ƙawancen sojoji da kamfanonin makamai.

TAMBAYA: Baba ni ke kula da matasa a cocinmu, muna so mu haska fim ranar Litinin ɗin Ista a kan gafara da ƙin ramuwa. Wanne za mu sa? Daga Kafanchan.

AMSA: Ben-Hur na 1959, ba sabon ba. Yaran za su zo don tseren karusai su tafi da abin da ba su zo nema ba, don mutumin ya rama, abokin gabansa ya mutu a gabansa, ya fito bai samu komai ba, uwarsa da ƙanwarsa na nan da kuturta, ƙiyayyar na nan, sai a gindin gicciye da ya ji Yesu na roƙa wa masu kashe shi gafara takobin ya fita daga hannunsa. Ba a nuna fuskar Yesu ko sau ɗaya a fim ɗin, ka tambaye su bayan an gama me ya sa suke ganin aka yi haka.

Awa uku da rabi ne fa, ka tanadi man janareta, ka raba shi biyu a sha ruwa a tsakiya, ka kuma sa wani mai jin Turanci kusa da lasifika ya riƙa fassara manyan wurare. All Quiet kar ka sa wa ƙanana, wannan na manyan matasa ne masu tunanin shiga soja, su a ware musu wata ranar daban.